Gargaɗi ga masu huda ƙarfe a Kumasi: «ai ya shiga» ba shaida ba ce

Wannan gargaɗi ne ga duk mai injin huda ƙarfe mai maganaɗisu a Kumasi, da wanda ke hayarsa, da mai sayar da bakunansa, da iyayen da suka kai 'ya'yansu koyon walda ko haɗa bodin mota a Suame Magazine da shagunan bakin titi na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Tafo. Daga yau kada a ƙara ɗaura wa injin nan baki don kawai bakin ya shiga rami. Kada a ƙara hawa sama da shi ba a ɗaure shi da sarƙa ba. Wanda ke da bakin da aka fere wa wuya da giranda don ya zauna, ya cire shi kafin ya kunna inji gobe da safe. Kuɗin baki ɗaya zai yi asara, ido da yatsa kuwa ba a sayar da su a Magazine.

Ga iyayen da ba su taɓa ganin abin ba: inji ne da ƙaraminsa ke kai kilo 10 zuwa 15, manyan kuma su haura 20. A gindinsa akwai maganaɗisu na lantarki. Ka ɗora shi kan ƙarfe, ka danna maɓalli, sai ya manne gam. Da shi ake huda bim ɗin rufin sito, da ƙafafun tankin ruwa, da shasin tirela, a nan inda suke, ba sai an sauko da su ba. Bakinsa ba irin na diril ɗin da muka saba gani ba ne mai murɗi. Cikinsa rami ne, haƙora sun kewaye bakin, zobe kawai yake yanka, ya bar tsakiyar ta faɗo dunƙule guda, abin da zan riƙa kira ƙwallo. Wani Ba'amurke ne ɗan jihar Michigan, Douglas Hougen, ya fito da shi a farkon shekarun 1970 da sunan Rotabroach. Da yake ƙarfen da yake ci kaɗan ne, kafin minti ya cika ya huda farantin da bakin diril zai daɗe yana fama da shi, ramin kuma ya fito sumul. Sai dai bangon bakin nan siriri ne, 'yan milimita kaɗan, an gasa shi ya yi tauri ƙwarai, kuma ƙarfen da ya yi tauri haka ba ya lanƙwasa. Ya ji matsi daga gefe, sai ya tarwatse kamar tangaran. Gutsattsarin kuwa daidai fuskar wanda ya sunkuya yana duba layi suke tashi.

Abin da ya sa maganar ta fi shafar mu shi ne hanyar da injinan ke zuwa mana. Da yawansu hom-yus ne, an sauke su a Tema cikin kwantena tare da injinan mota da tsofaffin kayan gareji. Wannan daga Ingila, wancan daga Jamus, wani daga Japan, sababbi masu sauƙin kuɗi kuma daga Sin. Akwatinsa ya ɓata, littafinsa ya ɓata, wani lokaci har alankin da ya zo da shi babu. Bakunan su ma ta tasu hanyar suke zuwa: wasu sababbi a cikin robarsu, wasu a zube cikin bokiti, wasu an tsinto su cikin kayan 'yan kondem na Akwatia Line ko Dagomba Line. Inji daga ƙasa ɗaya, baki daga wata, allurar da ke ratsa tsakiyarsa daga ta uku, sai a Kumasi suka fara ganin juna. Wanda zai ɗaura musu aure kuma yaron shago ne da aka aika da kuɗi a hannu aka ce masa, «Je ka sayo mai 22.» Ya sayo mai 22 ɗin kuwa. Ya zura, ya ɗaure, ya ce, «Masta, ai ya shiga.» Faɗin rami kaɗai aka faɗa masa, shi kuma shi kaɗai ya duba.

Wuyan baki, wato ɓangaren da ke shiga cikin mariƙin inji, nan ne ya kamata a fara dubawa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne na Weldon. Kaurinsa milimita 19.05, kashi uku cikin huɗu na inci ke nan, an fere shi lebur a wuri biyu, in ɗaya na kallon gabas ɗayan na kallon arewa. Mariƙinsa na da ƙananan sukuru biyu da ake ɗaurewa da alanki, kowanne ya sauka kan ferarren wuri. Yana da yaya mai milimita 31.75, na manyan bakuna da manyan injina. Yawancin injinan Ingila da na Sin Weldon suke ci. Kamfanin Fein na Jamus na da nasa, QuickIN, mai milimita 18, wanda mariƙin ke kamawa ba tare da alanki ba. Nitto Kohki na Japan na da One-Touch: kaurin kusan ɗaya da Weldon, amma abin da ke riƙe shi 'yan ramuka ne uku a kewayen wuyan, inda ƙananan ƙwallayen boris ke faɗawa su kulle. Kamfanin Hougen na da RotaLoc a wasu gajerun injinansa na aikin shasi, wanda ake murɗawa ya kama. Sannan akwai wuyan gama-gari da aka yi wa fere da ramuka duka, don ya zauna a Weldon ya zauna a Nitto. Ko shi ɗin ba ya shiga Fein sai da adafta.

To a duba abin da ke faruwa idan aka sa bakin Fein cikin mariƙin Weldon. Goma sha takwas cikin goma sha tara, ai zai shiga, har da sauran wuri. Ka ɗaure sukuru, su tura shi ya jingina da bango ɗaya. In ka girgiza shi da hannu ba ya motsi, sai ka ɗauka ya zauna. Alhali ya kauce daga tsakiya da rabin milimita, kuma da zarar ya fara juyi zai riƙa lilo na kusan milimita guda. Haƙoran da aka yi don su raba aikin daidai, sai ɗaya ko biyu su ɗauki nauyin duka. Kunne ma yana ji: maimakon ƙara ɗaya mai ɗorewa, sai ka ji tana hawa tana sauka, hannun inji na karkarwa a tafinka, ɓarɓashin ƙarfe na fitowa da kauri ta gefe guda. In an yi sa'a, rami ya fito da faɗin da ya wuce wanda aka so, bol ya riƙa wasa a ciki. In ba a yi ba, haƙori ya karye, ya maƙale a cikin yankan, na bayansa ya zo ya buge shi, bakin ya fashe, inji ya juya kan gindinsa da hannayensa uku.

Na Nitto cikin Weldon kuma wata yaudarar ce daban, don shi kaurinsa ya cika rami, ba ya lilo. Abin da babu shi ne inda sukuru zai taka. Kan kewayen wuya zai ciza, ya riƙe a ramin farko da na biyu, a na uku bakin ya tsaya cak cikin ƙarfe mariƙi na juyawa a kansa, ko ya sulluɓo ƙasa. Duk mai shakka ya ciro bakunan da ke akwatinsa yanzu ya duba wuyansu a rana. Wanda aka ɗaure daidai, za ka ga 'yar alamar sukuru a tsakiyar fere, shi ke nan. Wanda ya riƙa zamewa, za ka ga ƙarzane ya kewaye wuyan, wani wurin har ƙarfe ya tashi. Wannan bakin ya riga ya ba da labarin kansa, kuma mai yiwuwa ya ɓata cikin mariƙin ma.

Nan ne dabara ke shigowa, ni kuma ban raina dabarar Magazine ba. Wurin da ake ƙiyasin mutum 200,000 na cin abinci, wurin da motar da Turai ta yafe ke tashi ta kai kaya Wagadugu da Yamai, ba a koya masa aiki da ƙarfe. Tun 1980 da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyarta ta ITTU a Suame, aka samu masu injin sassaƙa ƙarfe da za su iya yi maka adafta a kan ma'auni, ta zauna daram. Wannan dabara ce ta gaskiya, kuma akwai adaftocin kamfani ma, daga Weldon zuwa Fein, daga Weldon zuwa Nitto, da mariƙai masu gindin Morse lamba 2 ko 3 na manyan injina. Abin da nake hanawa shi ne dabarar minti biyar: a riƙe baki da filaya a goga wuyansa a giranda har ya yi ɗan lebur, ko a yanko gwangwanin madara a naɗe wuya mai 18 don ya cika 19. Feren hannu ba ya fitowa a miƙe, sukuru zai taka shi a karkace ya ture bakin gefe. Gwangwani kuwa laushi gare shi, bayan rami kaɗan ya murƙushe, sukuru ya saki ba wanda ya sani. Mai gyaran da ya iya ɗaga gindin tirela da dabara shi ne ya fi saurin faɗawa wannan ramin, saboda ya saba dabara na fisshe shi.

Bayan wuya sai allura. Ita ce siririyar sandar da ke ratsa tsakiyar baki ta leƙo ƙasa, kuma ita aka fi rainawa don ta fi komai araha. Aiki uku take yi. Tsininta ke sauka kan alamar da aka buga, ta tsayar da baki a inda ake so. Idan baki ya fara nitsewa, sai ta koma sama ta ture bawul, ruwan sanyaya ya gangaro ta ciki zuwa haƙora. Idan an huda, sifirin ɗin da ta matse ya turo ta, ta tunkuɗo ƙwallo waje. Kaurinta kala-kala ne: milimita 6.34 ita ta fi yawa, akwai ta 7.98 a manyan bakuna da wasu masu haƙorin kabaid, akwai 'yar 4.76 ta ƙanana can. Tsawonta kuma da zurfin baki yake tafiya. Gajeren baki mai zurfin 25 ko 30 yakan ɗauki allura mai tsawon 77, dogo mai 50 ko 55 ya ɗauki mai 102 ko kusa da haka. In ka ƙara adafta, tsawo ya ƙaru, sai allura ta musamman.

Allura ta yi gajarta, ruwa ba zai sauko a kan lokaci ba, haƙora su ƙone su yi shuɗi, ƙwallo kuma ya maƙale a ciki. Daga nan sai ka ga yaro ya sa sukundireba ko yatsa tsakanin haƙora yana ƙwaƙule ƙarfe mai zafi, fulogi na jikin soket. Ta yi tsawo fiye da kima, sifirin zai matsu ya ƙare tun baki bai huda ba, mai aiki ya ji tauri ya ƙara danna hannu, alhali ba ƙarfen yake dannawa ba, injin yake ɗagawa daga kan maganaɗisunsa. Ƙusa, ko sandar walda, ko karyayyen bakin diril, babu wanda ke maye gurbin allura. Wanda ya sayar maka da baki bai haɗa maka da allurarsa ba, rabin kaya ya ba ka.

Zurfi ba ya buƙatar dogon bayani. A ɗauki mafi gajartan bakin da zai iya ratsa ƙarfen: dogon baki a kan faranti mai milimita 10 ƙarin kuɗi ne da ƙarin lilo, gajere a kan mai 40 kuwa zai cushe da ɓarɓashi ya tsaya. A kuma tabbata injin na da isasshen hawa da sauka da zai ɗauki dogon bakin da allurarsa.

Masu aikin shasi su tsaya a nan, don aikinsu ya fi na kowa haɗari. Motocin da ke bin hanyar Tema zuwa Paga ta Techiman da Tamale, a Suame ake ƙara wa da yawansu ƙarfi, a ninka shasi, a ƙara faranti a ciki. Ƙarfe biyu a haɗe ba ɗaya suke da ƙarfe guda mai kauri ba. Baki na yau da kullum idan ya huda na sama yakan bar ɗan leɓe a gindin ƙwallon, ƙwallon ya riƙa juyawa tare da baki a kan na ƙasa, haƙora su kasa kamawa. Mai aiki ya danna, inji ya ɗago. Ko dai a tsaya bayan na farko, a cire fulogi, a fitar da ƙwallo sannan a ci gaba, ko a nemi bakin da aka yi wa haƙora musamman don ƙarfe mai hawa-hawa. Ƙarfen shasi kuma ya fi ƙarfen gini tauri, ga shi siriri, sau da yawa bai kai milimita 10 ba, ga fenti ga tsatsa ga laka. Kamfanonin manyan motoci irin su DAF, MAN, Scania da Volvo duk sun hana huda leɓen shasi na sama da na ƙasa a ƙa'idojin da suke ba masu haɗa bodi, a tsayen bangon kawai ake huda. Ramin da aka yi a leɓe, nan tsagewa ke farawa, kuma ba a gareji take bayyana ba, sai mota ta ɗauki siminti ta kama hanya.

A jikin robar baki za a ga an rubuta HSS ko TCT. Na farko ƙarfe ɗaya ne daga wuya har haƙori, ya fi sauƙin kuɗi, ana iya wasa shi idan ya dakushe, ya kuma fi haƙuri da ɗan motsi. Akwai mai gaurayen kobal, M35 ko M42, da ya fi jure zafi. Na biyu an dasa masa haƙoran kabaid, yana cin ƙarfe mai tauri da sitenles, yana son gudu, amma ba ya yafe girgiza ko kaɗan. Sa shi a injin da ya tsufa, abin hawa da saukarsa na wasa, kuɗi ne ka zubar. Gudun inji shi ma sai ya dace da faɗin baki. Bakin HSS a ƙarfen gini yana son haƙoransa su yi tafiyar mita 20 zuwa 30 a minti. Inji mai gudu ɗaya, mai juyi 450 a minti, idan ka sa masa mai 18 haƙoran na tafiyar mita 25, daidai ke nan. Mai 22 ya kai 31, da sauƙi. Ka ɗaura masa mai 50, sun kai mita 70, sun ninka abin da za su iya fiye da sau biyu. Wannan bakin juyi 160 yake nema, sai inji mai giya. Wuyan Weldon ɗin ɗaya ne a mai 18 da mai 50, duka za su shiga mariƙi lafiya, shi ya sa dole a karanta farantin da ke jikin inji a ga iyakar faɗin da aka yi shi dominsa. In an wuce, ko motar injin ta ƙone, ko ƙarfin juyin ya fi ƙarfin maganaɗisu.

Maganaɗisun nan kuwa mutane sun ba shi amanar da ba ta kamace shi ba. Kilo 1,000 ko fiye da ake rubutawa, a kan faranti mai kauri, wajen milimita 25, lebur, goge, aka auna shi. Masu ƙera injinan kan nemi ƙarfen da ke ƙasa ya kai wajen milimita 10. Ƙasa da haka riƙon na raguwa sosai, sai an matse wani faranti a bayan wurin don a ƙara kauri. Fenti mai kauri na rage shi, tsatsa na rage shi, ɓarɓashin da ya manne a gindi daga ramin baya na rage shi, ɗigon walda ɗaya da ya ɗaga gefe na rage shi. A kan bututu ba ya zama sai da mazauni na musamman. A kan alminiyam ba ya kamawa sam, haka yawancin sitenles. Baki da ya dace na yanka da ɗan matsi, maganaɗisu ya ɗauka. Wanda bai dace ba sai an danna shi da ƙarfi, kuma duk ƙarfin da ka danna ƙasa, shi ne ƙarfin da ke ɗaga inji sama.

Sannan ga abin da wanda ya ƙera injin a Ingila ba ya kwana da shi a rai kamar mu: ɗauke wuta. Duk wanda ya yi aiki a Kumasi a shekarun dumso, daga 2012 zuwa 2016, ya san wuta ba ta sallama in za ta tafi, kuma har yau takan tafi. Maganaɗisun lantarki da wutar yake tafiya, nan take, ba jinkiri. Haka in janareta ya shaƙe, ko mai ya ƙare, ko wani ya taka waya ya zare fulogi, ko mai walda ya buga sanda wuta ta yi ƙasa. Inji a jikin bim, a kwance ko a rataye, mai aiki a kan tsani, na ƙasa yana miƙo masa kaya. Kilo 13 da ya faɗo daga mita 6 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 39 a awa, da baki mai haƙora a gaba. Sarƙa ko bel ɗin da ke zuwa da inji saboda wannan daƙiƙar aka yi shi. A ratsa shi ta jikin inji, a kewaye bim, a ɗaure shi a takaice yadda ko ya saki ba zai yi lilo ya bugi mutum ba, kuma a yi haka kafin a danna maɓallin maganaɗisu. In bel ɗin ya ɓata a kwantena, sarƙa ba ta yi wuya a Magazine ba. Ko masu batir da maganaɗisun dindindin, da ba ruwansu da ɗauke wuta, ana ɗaure su. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin wurin huda, don ko inji bai faɗo ba, ƙwallon na faɗowa da zafinsa. Aikin sama-da-kai kuma ba a yi masa ruwan sanyaya, zai gangara cikin mota, man shafawa mai kauri ake lakuta wa haƙora.

Wutar gidan Gana 230 ce. Injin da ya fito daga wuraren gini na Ingila sau da yawa mai cin 110 ne, da fuloginsa rawaya, na Amurka 120, na Japan 100. Yanke fulogi a sa na gida ba ya canja cikin inji, sai da taransfoma. Kada kuma a yi walda a kan ƙarfen da inji ke manne a kai, wutar waldar kan bi ta jikinsa ta ƙona fanel. In fanel ya ƙone aka kai wa mai gyara, a tsaya a kansa kada ya haɗa mota kai-tsaye. A cikin fanel ɗin nan ne aka hana mota tashi sai maganaɗisu ya kama, aka kuma hana ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Injin da aka tsallake wa wannan, ana iya kawo wuta yana hannun yaro yana canja baki. Gwajin ba wuya: a kashe maganaɗisu a danna maɓallin mota. In ta tashi, injin bai isa fita aiki ba.

Ɓarɓashin da bakin nan ke fitarwa dogo ne, murɗaɗɗe, mai kaifi, yana juyawa tare da baki yana kamo duk abin da ya samu. Mu kuwa mutanen riga ne. Ran Juma'a an taso daga masallaci, ɗan aiki ya rage, sai a ce bari a ƙarasa rami biyu da jallabiya a jiki, carbi a wuyan hannu. A cire, a sa kayan aiki, a naɗe hannun riga. Safar hannu ma ba a sa ta inji na juyi, don in ta kamu da hannun take tafiya. Bayan an kashe, an cire fulogi, sannan a sa ta a janye ɓarɓashi da ƙugiya ko buroshi. Tabarau kuwa ba na mai giranda kaɗai ba ne.

Masta, zuwa da kai ya fi aike. In ba za ka je ba, ka kwance mariƙin ko ka ba yaro tsohon bakin da ka tabbata na injin ne, da allurarsa, ya tafi da su. Ka koya masa tambayar da zai yi: «Alhaji, wuyan Weldon ne ko na Fein? Zurfinsa nawa? Ina allurarsa?» Ma'aunin baniya na raba 18 da 19 cikin daƙiƙa biyar. A kula da inci da milimita: bol M16 ramin 18 yake so, M20 ramin 22, M24 ramin 26. Bakin Amurka mai 13/16 na inci milimita 20.6 ne, bol M20 zai shiga da ƙyar, ramukan faranti biyu kuma su ƙi haɗuwa. Daga nan sai a ce a maimaita ramin da baki mafi faɗi, alhali allura ba ta da inda za ta taka a ramin da ya riga ya huje, bakin zai yi ta rawa har ya karye. Ku kuma masu shago, Alhazai, wanda ya zo ya ce muku «mai 22» ku tambaye shi sunan injinsa kafin ku karɓi kuɗi. Baki na bokiti da ba a san asalinsa ba, a duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, a duba tsaga a jikin bango, wanda ya yi shuɗi a ajiye shi gefe.

Masu ba da kwangila da masu shago su sani cewa dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, Act 651, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin lafiyar wanda ke masa aiki, ba a bar shi ga «tsautsayi ne» ba. Iyaye kuma suna da ikon su je shagon da ɗansu ke koyo su ce a nuna musu sarƙar injin da tabarau. Ba rashin kunya ba ne ga masta, amana ce kuka ba shi.

In abin ya riga ya faru, gutsuren ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a sa tsinken ashana ko bakin hankici, kada a kawo maganaɗisu a ce za a janyo shi. A rufe idon da wani abu mai tsabta da ba zai danne shi ba, a wuce asibitin Komfo Anokye, wanda ake kira Gii, a ranar, ko da zafin ya lafa. Yanka mai zurfi a danne shi da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama. Wanda inji ya faɗo wa a ka ko a wuya, ko ya faɗo daga tsani, kada a cicciɓe shi a cusa a bayan babur, a bar shi a kwance yadda yake a kira 112.